Ɗumi Daga Ƙasa

A sabon gida aikin ba shi da labari:
siminti sumul kamar faranti,
in nannaɗe bututu, a zuba kankare,
in karɓi kuɗina in yi gaba.

Gidan Kyllikki a Tampere daban ne.
Katakon daɓenta ya girmi ubana.
Na ɗaga na farko, ya yi ƙara
kamar na taka masa ƙafa.
A ƙarƙashi, garin katako, maɓallin riga,
da cokalin shayin da ta zargi ƙanwarta da ɗaukewa
shekara arba'in da ɗaya.

Na ce daɓen zai tashi da yatsa biyu,
dole a rage ƙofar kicin.
Ta ce, a hankali, Veikko,
marigayi ne ya kafa ta.

Kwana tara. Dusar ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na kunna. Ruwa ya shiga yawo ƙarƙashinmu,
ba wuta, ba hayaƙi.
Ta ce ita ba ta ji komai ba.
Kyanwa ce ta fara sani,
ta sauko daga kujera ta miƙe tsakar ɗaki.

Sai tsohuwa ta cire safa,
ta tsaya shiru, cokali a hannu,
tana laluben lambar ƙanwarta.