Ganye Mai Laushi

A garkar Mirriya, yamma da rijiyar Zanaidu,
na zuba wa kuɓewata takin buhu har sau uku.
Jaka tara ta tafi, ban ji zafinta ba.
Ganye ya buɗe kamar faifai,
kore shar, da taushin kunnen jinjiri.
Masu tafiya kasuwa kan ja linzamin jaki
su ce, “Lawali, bana ka shanye mu.”

Da hantsin wata Laraba na ɗaga ganye guda,
sai gari ya tashi,
farin gari mai fiffike.
Ya yi shawagi kaɗan, ya koma mazauninsa
kamar mai gida ya raka baƙo ƙofa.
Kafin kasuwa biyu, ganyen ya naɗe hannu,
ya yi danƙo, ya yi kunkunniya,
fure na zuba tun bai ga azahar ba.

Darni ɗaya ne tsakanina da Inna Tabawa.
Tata kuɓewar ba ta da kyan gani:
gajera, mai kaushi,
ka shafa ta ka kwana susa.
Tokar murhu take ba ta, da kashin awaki na bara,
takin buhu kuwa sai cikin tafi,
kamar mai sa gishiri a miyar mara lafiya.
Ƙudan ya leƙa can ma, ba zan yi ƙarya ba,
amma bai shimfiɗa tabarma ba.

Jikarta Barira, mai karatun noma a Damagaram,
ta tsaga ganyena da farce, ta nuna min ruwansa.
“Baba, ka cika masa ciki, ka hana shi fata.
Ganye ma yana dafa ɗacinsa,
yana kaifafa gashinsa.
In ka gaggauta shi, sai ya manta.
Wannan ruwan, ga ƙuda, farau-farau ne.”

Na yi shiru. Guga na ɗiga a bakin rijiya.
Ashe walima na shirya,
ni na sayi kayan, ni na share fili.

Yanzu da asuba ina bin murhun gidana da tsohon kwano.
Uwar ɗiyana na dariya:
“Abin da nake zubarwa ya zama dukiya?”
Sabon fangali ya fito, bai burge kowa ba.
Jiya na tsinki ɗanya bakwai,
hannuna na ƙaiƙayi har gwiwa,
ban wanke shi da wuri ba.