Ɗan Mahauci da Waƙar Bature

Malam Isiyaku ya ce, "Ku feɗe ta."
Ya jera a allo da guntun alli:
jigo, salo, kari, amsa-amo,
maki ashirin, a kawo ran Litinin.
Aji ya kwashe da dariya, aka juyo kaina,
don kowa ya san gidanmu a Ƙofar Marusa,
inda fiɗa gado ce, ba a zuwa makaranta dominta.

Da dare na baje ta kan tabarma.
Baiti huɗu, Turanci mai ƙashi.
Wani tsoho ne a bakin taga,
a ƙasar da ba a faɗi sunanta ba,
yana kallon dusar ƙanƙara tana binne ƙyauren lambu.
Ni ƙanƙarar da na sani ta shagon Ɗanliti ce,
ƙulli ɗari biyu da azumi,
rabi ya narke kafin ladan ya buɗe baki.

Na ƙirga gaɓoɓi da yatsu, goma-goma,
mai nauyi na bin marar nauyi
kamar takun jakin da ya san hanyar gida.
Na kama iska tana kuka, na ce mutumtarwa ce.
Na tsinci kamantawa biyu, na ja musu layi.
Na kasa komai kashi-kashi a takarda
yadda muke yi a teburin kasuwa:
hanta nan, tumbi nan, ƙoda can gefe.
Jigo fa? Na rubuta: sanyi.

Baba na zaune yana wasa wuƙar gobe.
"Me ake yankawa da daren nan?"
Na ce waƙa ce. Ya ce in juya masa ita.
Na juya, ina tuntuɓe, ina tashi,
har na kai inda tsohon ya ɗauko kofi biyu,
ya zuba shayi a ɗaya.

Wuƙa ta tsaya kan dutse.
"Maimaita."
Na maimaita.
"Matarsa ta rasu. In ba bana ba, bara."
"Ba a faɗa ba, Baba."
"Shi ya sa. Wanda ya iya faɗa ya fara warkewa."

Sai idona ya kai bakin tagar ɗakin Inna.
Duk Juma'a goro biyu yake sayowa daga masallaci,
ya ci ɗaya.
Wata goma sha huɗu ina share busassun,
ban taɓa tambayar kaina ba.

Ya gwada kaifi a bayan farce, ya ce,
"Mu sai an yanka muke fiɗa, Sabi'u.
Wannan taka da ranta.
Laluba inda take numfashi, ka bar wuƙa a kube."
Ya shige, bai ce a kwana lafiya ba.

Na soke sanyi. Na daɗe biro na sama.

Ran Laraba takarda ta dawo,
goma sha uku cikin ashirin,
da jan biro a gefen jigo: "Ina hujja?"
Ina da ita, Malam.
Tana bakin taga, ta bushe, ta yi ja,
sai dai ba ta jin Turanci.