Kafin Hanya Ta Sake

Ƙarfe biyar a Akoka ba lokacin tafiya gida ba ne.
Wanda ya fita yanzu a kan gada zai tsufa,
tsakanin hon ɗin danfo da mai tallan soyayyar ayaba.
Shi ya sa muke zama, mu uku,
malaman nazarin halayyar ɗan Adam,
a ofishin da fanka ke juyi kamar mai gyangyaɗi,
mu ture takardun jarrabawa gefe.

Dakta Folaranmi ke fara buɗe akwati.
Da safe shi ya koya wa 'yan aji biyu yadda mantuwa ke aiki,
ya ja musu layi a allo yana gangarowa:
abin da ka haddace yau, jibi rabinsa ya zube.
Ga shi yanzu da saksofon mai tsatsa a wuya,
yana busa taken da aka rera a coci
ran da aka binne babansa a Ijebu.
Shekara talatin da ɗaya, ko gaɓa ɗaya ba ta zube ba.
Sai dai akwai wani wuri dab da ƙarshe
da kullum numfashi ke yanke masa.
Yakan ce beli ne ya tsufa.
Mukan ce, haka ne, belin ne.

Madam Obiageli ke da darasin tsoro.
Ta san sunan kowace irin faɗuwar gaba,
amma in ta rungumi jita sai ta ba ƙofa baya
kada wani ɗalibi ya leƙo.
Kiɗa uku ta iya, na huɗun tun bara take fama da shi.
Wanda ta fi so na rawa ne, na bikin ƙanwarta,
tana jan sa a hankali har ya koma na raino,
ƙafarta ta hagu na bin sa a ƙarƙashin tebur
ba da izininta ba.

Ni nawa gurmin a buhu yake, bayan kabad.
A Agege na saye shi, hannun wani tsoho mai gyaran takalma
da ya ƙi rage mini ko sisi.
Ni ke koyar da yadda yaro ke koyon magana,
ga shi abin da yatsuna ke komawa kansa ba shi da kalma:
gunagunin Inna ne in tana tankaɗe,
rariya na ba ta amsa.
Na taɓa gwada rubuta shi, takarda ta ƙi karɓa.

Ba ma dacewa. Gara in faɗi gaskiya.
Gurmi bai san awon saksofon ba,
jita na tsakiya tana raba faɗa.
Wata rana Temilade ta zo neman sa hannu,
ta daɗe a bakin ƙofa da fayil a ƙirji,
sannan ta ce, "Malam, wannan a wane babi yake?"
Obiageli, ba ta ko juyo ba, ta ce,
"Ba zai fito a jarrabawa ba."

Larabar da ta wuce aka ɗauke wuta muna tsaka da yi.
Janareta ya yi tari biyu ya haƙura.
Ba wanda ya tsaya.
Iska ta shigo da ƙarnin ruwan gishiri,
ba na ganin hannuna, ba na ganin kowa,
sai na ji Folaranmi ya iso wurin nan nasa,
ya iso, ya wuce,
ya kai taken har gida.

Shiru, sai sauro.
Can Obiageli ta ce, "Ka sauya beli?"
Ya ce, "A'a."
Digiri tara ne a ɗakin nan in an haɗa,
ba wanda ya yi bayani.

Takwas ta yi, maigadi na kaɗa makullai a baranda.
Na mai da gurmi buhunsa.
A kan gada hanya ta sake,
fitilun masunta na lilo a ƙasa,
yatsuna biyu na tankaɗe a kan sitiyari
har Oworonshoki.