Tambayar Lawali

A ajin Ingilishi, ranar Talata, zufa na tsiyaya,
Lawali ya ɗaga hannu daga bencin baya:
"Mushe, mene ne biyatifik?"

Na ce sifa ce. Na juya ga allo.
Na rubuta natsuwa, na goge.
Na fara ni'ima, alli ya karye.
Kwanciyar hankali ta yi kusa,
sai dai ko wanda ake bi bashi yana samunta
ranar da mai kuɗin ya tafi Kano.
Na ce fuska ake faɗa wa, ko murmushi,
ba a ce wa hanya haka, ba a ce wa tuwo.
Suka kwafa. Ba wanda ya gane, har ni.

Da la'asar na bi ta gulbin Maraɗi a kan keke.
Baba Nomau ya gama ban ruwan tumatir,
ya jingina da mangwaro,
laka har ƙauri,
jar akuya tana taunar bakin rigarsa,
bai kore ta ba.
Idonsa biyu, ba ya kallon kowa.
Leɓensa ya ɗan buɗe,
kamar yanzu aka raɗa masa
an yafe masa komai.

Na yi sallama sau biyu.
Ban yi ta uku ba.

Gobe zan ce wa Lawali ya rufe ƙamus,
ya bi ta gulbi bayan la'asar,
kada ya ce uffan.
Ya dai ja akuyar gefe,
don rigar tsohon ke nan guda.