Mako Goma Sha Huɗu

Alhaji Nomau ya zamo da tabarau kan hanci,
ya karanta takardar likita sau biyu
ko Allah zai sa ta rage nauyi.
"Mako goma sha huɗu? Wa ya ƙirga?"
Na ce doka.
Ya dubi kwalayen magani, ya dubi cikina,
ya ja ɗan siririn tsaki.

Ba mugu ba ne, kar in ɗauki alhakinsa.
Farmasin ƙarama ce, mu uku ne bayan kanta,
kuɗin wuta ya lashe ribar watan jiya.
Rabin albashi daga aljihunsa, rabi daga Kes,
takarda ce ta faɗa, ba ni ba.
Ya sa hannu a hankali
kamar mai zare ƙaya daga jiki.

Talata da asuba Sahiya ta sauka,
kilo uku ba kaɗan, da kukan mai bin bashi.
Illa kwana ɗaya aka ba shi.
Ɗaya.
Ya sayo sabulu, ya sayo itacen wanka,
ya yi mata huɗuba numfashinsa na sarƙewa,
Laraba ya buga babur ya koma aiki.

Kes kuwa ba ta san jego ba.
Kawo takardar haihuwa. Kawo ta albashi.
Wannan tambarin bai fito ba, koma a sake.
Dosiyenki ya tafi Yamai, yana hanya.
Ai na san hanyar: Tawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
ko jaki aka aza wa, da ya je ya dawo ya sha ruwa.
Ina kan benci nono na jiƙa min riga,
na ja mayafi, na haɗiye abin da ke baki.

Fitowata ke nan sai ga Habsu gindin dogon yaro
da robarta ta dambun zogale.
Dare ɗaya muka haihu, gado na kallon gado,
ita ta miƙo min hannu da na fara kiran Inna.
Kwana tara ta yi a ɗaka.
Ga jinjiri a goye kansa na lilo,
ga rana tsaka, ga mai saye na neman ƙarin yaji.
Na ce, Habsu, tun yanzu?
Ta yi dariya har da tafi:
"Wa zai sa min hannu, tukunya?
Ke dai cinye kwanjenki, kar ki rage ko loma.
Ni uban gidana ba ya karatu,
sunansa ciki."

Na sayi na dala arba'in, ta ƙara min gyara,
ita ce ma ta ƙara min.

Kuɗin sun iso a mako na goma sha ɗaya,
na biya mai kanti, na biya ungozoma, suka ƙare.
Alhaji ya aiko yaro da sukari,
da tambayar inda na ajiye littafin bashi.
Saura kwana shida.
Sahiya ta fara bin muryata da ido,
ta koyi murmushi shekaranjiya, ina wurin, na gani.
Litinin zan goge farar rigata,
in miƙa ta ga Inna, in bi ta gindin dogon yaro.
Ban san me zan ce wa Habsu ba.
Yau dai na turo ƙofa,
mu biyu ne a ɗaki.