Cokali Uku

Ni ce mai tuwon bakin tasha.
Direbobin Dakoro da na Madarunfa
shekara ashirin suna ƙoshi a hannuna.
Amma ɗiyar cikina, Tsahara,
loma guda ta gagare ni da ita.

"Inna, na ci a lakwal."
"Inna, sai an jima."
Akuyarmu tana ta ƙiba a bayan ɗaki,
warwaron yarinya yana hawa har damtse.
Ta tsaya gaban madubi, ƙashi da rai,
ta ce mini ƙatuwa take gani.
An ce iska, an ce baki, an ce sammu.
Mun sha rubutu har allo ya koɗe.

Ran sunan ɗan ƙanena a Bagalam
sai ga ta ta jawo kwano da kanta.
Shinkafa, dambu, zogale da ƙuli,
ta kora da fura mai sanyi.
Na yi guɗa a zuci, na ƙara mata.
Na sake ƙarawa.
Allah ya gani, da murna na ƙara.

Kafin lisha ciki ya tashi,
tauri kamar ƙwarya a kife.
Tana yunƙurin amai, maƙoshi bai ba da komai ba.
Zufa mai sanyi, leɓe ya yi toka,
zuciya na ɓari kamar tsuntsu a tafin yaro.

Likita ya ɗaga hoton ga fitila:
tumbi ne tun daga haƙarƙari har mara.
Ya ce, "Uwa, kin san salka?
In ta daɗe a rataye ba ruwa
ba a ɗura mata rijiya a lokaci ɗaya.
Nata ya manta yadda ake matsawa,
ya buɗe, ya shaƙe hanyar jininsa."

Suka zura roba ta hanci.
Duk abin da na zuba da hannuna
na ga ya dawo cikin kwalba, baƙi.
Duk da haka wani gefe ya riga ya mutu,
sai wuƙa.
Na dangwala yatsa a takarda,
yatsan da har yanzu ke ƙanshin daddawa.

Yau kwana goma sha tara.
Cokali uku na kunu, a dakata,
a ɗebi jini, a duba gishirin jiki,
sannan a ce gobe huɗu.
Wata likita tana zama da ita ran Talata,
ta ce ciwon ba a tumbi ya fara ba,
kuma ɗinki ba ya isa wurin.

Ni da ludayi ya yi wa kanta a tafi
ina koyon ƙirga da ƙaramin cokali.

Jiya da la'asar ta lashe na ukun,
ta dubi kofin, ta ce, "Inna, ya yi daɗi."
Hannuna ya miƙe da kansa.
Na kama shi da ɗayan,
na danne shi a cinya
har ladan ya gama kira.