Wata Uku a Shagon Tsugio

A Sakai, bayan layin dogo,
tsoho Tsugio ya tsoma dutse a ruwa.
"Fumika, jira ya daina kumfa.
Mai ƙishirwa ba ya aiki."

Wata guda ban taɓa wuƙar kowa ba,
sai wata dakusassa mai tsagaggiyar ƙota
da ta koyar da mutum huɗu kafin ni.

Ya jera kwabo biyu ƙarƙashin bayanta:
"Iyakar ɗagawarki ke nan."
In tura, in jawo. In tura.
Hannu na rawa, ƙarfe na kuka.
Daga ƙurya, ko waiwaye babu,
"Kin karkace."
Da kunne yake gani.

Baƙar lakar da ta taru zan wanke,
ya cafke hannuna:
"Bar ta. Ita ke cin ƙarfen."

Dutsen ya cinye fatar yatsuna,
ban sani ba
sai da ruwan ya yi ja.

Ran da mai kifi ya dawo
gabana ya faɗi.
Ya ajiye yanka ɗaya,
siriri har ana hango zanen faranti,
ya ce na wanda ya wasa ne.

Tsugio ya ci rabi.